Shekarar da Na Rera Waƙar Taki

Da sunan Allah nake farawa, Shi ya ba ni numfashin da na yi waƙa da shi, Shi kuma ya bar mini ragowar da zan faɗa muku wannan. 'Ya'yana, na san abin da kuke ji a gari. Wasu suna ce muku ubanku tsohon ɗan wiwi ne mai tara suma, wasu kuma suna cewa shi ne ya ƙwato wa talakawa taki da bakin jita. Ta farkon ƙarya ce, ko sigari ban taɓa kai wa bakina ba. Ta biyun kuwa rabin magana ce, kuma ragowar rabin ce ta sa na ɗauki biro tun ina da ido.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin, na gama makaranta ban sami aiki ba, ina noma tare da Baba a ƙauyenmu Marken Gabas, tsakanin Bici da Shanono. Akwai wani malamin lissafi mutumin Gana a Bici, muna ce masa Tica Kofi, nakan kai masa ƙwan zabi ranar kasuwa. Wata rana na tarar ya kunna rikoda a ƙofar ɗakinsa, sai na tsaya da kwandon a hannu na kasa ajiyewa. Kiɗa ne mai tafiya kamar raƙumi ya ɗauko kaya, ba ya sauri amma ƙasa tana jin sawunsa, ga wani amo mai kauri da ba a kunne kake jin sa ba, a ƙirji. Ya ce mini sunansa rege. Da na tambaye shi wane sarki ko attajiri ake wa kirari a ciki, sai ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce ba kowa, mawaƙan kukan talaka suke yi, suna tambayar masu iko ina hakkin mutane. Ranar ban san yadda ƙafata ta kawo ni gida ba. Daga nan ƙwan zabi ya zama kuɗin makaranta, shi kuma ya riƙa ɗora yatsuna a kan wayar jita har suka yi kanta. Da aka ce baƙi su koma ƙasashensu, ya duba saman motar da za ta kwashe su ya ga jitar ba za ta kai da rai ba, sai ya rataya mini ita a wuya. Ya ce kada in yi da Turanci, in yi da harshen da uwata take ji.

Haka kuwa na yi. Na nemo abokina Yusha'u, ɗan gidan makaɗan mahauta, wanda tun yana goye yake jin kalangu. Kwana uku yana zagina, wai kiɗan nan gurgu ne, inda ya kamata a doka nan ake ɗagawa. Rana ta huɗu hannunsa ya kama, ya zuba kalangu a ƙarƙashin jitar, muka dubi juna muka fashe da dariya kamar mahaukata. Kullum bayan la'asar muna gindin kukar bayan gari, 'yan mata masu tallan gyaɗa su sauke faranti, makiyaya su jingina da sanda. Na bar suma ta taru ta murɗe kamar ta mutanen da ke jikin kwalin kaset ɗin Tica. Baba bai so ba ko kaɗan. Ya ce mu manoma ne, ba mu gaji kiɗa ba, kuma duk ranar da ya ji na roƙi wani da jitar nan sai ya sa ta a murhu. Na yi masa rantsuwa ba zan taɓa yi wa kowa kirari ba, ya kau da kai ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa. Inna kuwa a gabansa takan ce Allah ya shirye ni, in ya fita sai ta ce in ɗan kaɗa mata wanda na yi jiya.

Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane abin da taki yake nufi a wurinmu a shekarar ba. Ƙasarmu gona ce jikin gona, iyakarka kara ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci, babu inda za a ce an bar fili ya huta. Abin da ke riƙe da ita takin dabbobi ne da sharar birni da ake ɗaukowa a jakuna. To damina biyu aka yi fari a jere, aka sayar da awaki da jakunan aka ci, rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye. Ga tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai an yi layi, kananzir sai wane da wane. Da ruwa ya dawo a shekara ta uku, ya dawo da kyau, aka yi shuka, gero ya fito, amma sai ya tsaya yana ja kamar mara lafiya, don ƙasa ba ta da abin ba shi. Idon kowa ya koma kan takin zamani da aka ce an turo wa manoma a kan rahusa, wanda za a sauke a siton Tudun Gawo, garin da muke cin kasuwarsa ranar Laraba. Kullum mutane suna zuwa da buhunan wofi, kullum ana ce musu bai iso ba.

Yayana Sabo, wanda kuke kira Baba Sabo, shi ne akawun wannan sito. Shi kaɗai ne mai albashi a gidanmu, da shi muka tsallake farin. Mutum ne mai tsabta da shiru, aljihunsa ba ya rabuwa da biro biyu. Wata rana muna cin abincin rana a zaure, ni da shi da Baba, sai ya tsame hannu ya kasa ci. Da Baba ya matsa masa, ya rage murya ya ce takin ya iso tun makon jiya. Da hantsi aka sauke ta ƙofar gaba, da azahar, lokacin da mutane suke masallaci, aka fitar da shi ta ƙofar baya a wata shuɗiyar mota mai fasasshen madubi, aka kai ɗakin ajiyar Alhaji Tanko ɗan kwangila, a bayan shagonsa. Jira ake a matsu, sannan a fito da shi kaɗan kaɗan a kan kuɗin da ba mai iya biya sai ya jinginar da gona. Mutum huɗu kacal suka ga wannan lodi, kuma shi ne na huɗun. Baba ya yi salati ya ce maganar ta tsaya a zauren nan. Ni kuwa yatsuna sun riga sun fara motsi a kan gwiwata.

A gona na haɗa waƙar, ina noma ina yi, fartanya tana ba ni kiɗa. Wallahi ban taɓa jin abu ya zo mini da sauƙi haka ba, kamar wani ke karanto mini. Amshin ya fara zuwa:

Ina takinmu, ina takinmu,
Wanda aka ce ya taso daga birni?
Gero ya yi ja, gona tana kira,
Mai fartanya na tambaya, a ba shi amsa.

Daga nan baitoci suka biyo, na fari, na jakin da aka sayar, na buhun wofi. Na ƙarshe shi ne na ƙofar gaba da ƙofar baya, da shuɗiyar mota mai fasasshen madubi, da inda ta kwana. Da na rera wa Yusha'u, ya ajiye kalangu ya ce wannan baitin wuƙa ce tsirara, amma idonsa na ƙyalli. Muka shirya ranar Laraba za mu yi ta a tsakiyar kasuwa. Mai tallan maganin basir ya yarda ya ara mana lasifikarsa da batir, wani direba ya ce mu hau bayan akori-kurarsa. Kwana biyar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Inna ce ta tona ni ba da saninta ba. Ta ji ina maimaitawa a bayan ɗaki, waƙar ta kama ta, ranar Laraba da safe tana daka tana rerawa har da baitin motar. Yaya Sabo yana ɗaure igiyar takalmi zai tafi aiki, sai na ga ya daskare. Ya kira ni zaure, ya tsaya yana duban ƙasa.

"Lawan, ka yi waƙarka, ban hana ka ba. Amma ka cire na motar nan. In ka faɗe shi, sun san bakin da ya fito."

Na ce masa in babu wannan baitin ai kuka ne kawai, kuma kuka mun daɗe muna yi. Ya ce yana da mata da 'ya'ya uku, ga Baba ga Inna, in duba. Na dube shi, na tuna garin masarar da ya riƙa shigowa da shi a bayan keke lokacin fari, sai na ce na cire. Ya ce in yi alkawari. Na ce na yi alkawari, Allah ne shaida. Ya dafa kafaɗata ya hau kekensa. Ku riƙe wannan da kyau, don duk masu ba ku labarin ranar ba su san da shi ba.

Kasuwa ta cika ta batse da hantsi. Muka hau bayan motar kusa da 'yan hatsi, na ɗaura makirfo a jikin sanda da tsumma, Yusha'u ya matse kalangu a hammata. Da lasifikar ta yi ƙara mutane suka zaci mai magani ne, har wani tsoho ya matso yana tambayar na ciwon baya. Na kaɗa jitar sau ɗaya, sau biyu, Yusha'u ya shigo, sai na ga kawuna suna juyowa layi layi kamar iska ta bi ta kan dawa. Na ja amshin. Zagaye na farko shiru, na biyu wasu mahauta suka karɓa don sun ji kalangunsu, na uku kuwa kasuwar gaba ɗaya ce ta amsa. 'Ya'yana, na yi wasa a manyan wurare bayan nan, amma ban sake jin abin da na ji a ranar ba. Dattawa masu furfura, waɗanda a da in sun gan ni da suma sai su tofar da yawu, su ne suke ɗaga buhunan wofi sama suna tambaya ina takinmu. Mata masu fura suka bar ƙwarya suna tafi. Masu awo suka kife tiya. Motar da muke kai har rawa take yi saboda masu jijjiga ta. Na yi baitin fari aka yi kabbara, na yi na jaki wani mutum ya rufe fuska da hula yana kuka. Na zo inda ya kamata in tsaya, na maimaita amshi, na sake maimaitawa, jama'a ba su da niyyar sakina. Sai wani manomi a gaba, siriri mai tsagen Fulani, ya ɗaga murya ya ce to yana ina, in na sani in faɗa.

Ba zan ce muku bakina ne ya suɓuce ba. Na tuna Yaya sarai, na ga fuskarsa a zaure, na kuma ga fuskokin da ke gabana, na zaɓa. Yusha'u ya girgiza mini kai, na kau da ido, na rera baitin tun daga ƙofar gaba har bayan shagon Alhaji Tanko, na kuma maimaita don kada wani ya ce bai ji ba.

Kasuwar ta tashi kamar an buɗe dam. Na tsorata kada a yi ƙone-ƙone, sai na ci gaba da kiɗan a hankali, direban ya ja motar sannu sannu, jama'a suka biyo mu suna amshi, babu mai gudu babu mai jifa. Haka muka isa shagon. Mutane suka zauna a ƙasa a gaban ɗakin ajiyar, suka ce ba za su taɓa ko kwaɗo ba, amma ba za su tashi ba. Dagaci ya zo da limamin gari, aka yi ta kai da komo har rana ta karkata, daga ƙarshe aka kawo makulli. Da ƙofar ta buɗe, ga buhuna nan tsibi har rufi, kowanne da tambarin da ke nuna na rahusa ne. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sai wurin ya kaure. Kafin mako ya zagayo an raba takin unguwa unguwa a kan kuɗin da aka yanka tun farko. Ashe kuma mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya danna rikodarsa tun daga farkon waƙar.

Washegari ina gona 'yan sanda suka zo suka tafi da ni, wai na tunzura jama'a. Kwana goma sha ɗaya na yi a tsare. Ranar farko aka aske mini suma da reza mara kaifi, na ga gashin shekara uku a ƙasa, amma ko a jikina, don ina shiga ɗakin na tarar waɗanda ke ciki sun riga sun iya amshin. Har mai gadinmu na kama shi yana yi a maƙoshi. Manoma suka yi ta zarya da liman a gaba har aka sake ni. Tun daga bakin titi aka tare ni, matasa suka ɗaga ni sama, mata na leƙowa ta kan danga suna sa albarka. Na ga gero a hanya ya fara komawa kore shar. Na shiga gida ina jin babu kamata a ƙasar Kano.

Gidan shiru. Matar Yaya tana tsakar gida tana ɗaure tukwane a cikin zane, ba ta ɗago ba. Inna ta riƙe kaina ta shafa inda rezar ta yanke ni, ta ce sannu, sai ta shige ɗaki. Kwana biyu da kama ni aka kori Yaya daga aiki, ba takardar shaida, ba sallama, kuma aka bi duk inda zai nemi wani aikin aka ɓata shi da cewa ba ya riƙe sirri. Ya riga ya tafi Kano neman abin yi, iyalinsa za su bi shi. Baba yana zaure. Na durƙusa na fara bayanin yadda jama'a suka matsa, ya bar ni har na gama.

"Takin da ka fito da shi na zuba a gonata, ba zan yi maka ƙarya ba. Na ce ba mu gaji kiɗa ba, ka yi, na ƙyale ka. Amma saɓa alkawari ma ba mu gada ba, Lawan. Wannan kai ka fara shi a gidan nan."

Har ya koma ga Allah bai sake tayar da maganar ba.

Kaset ɗin kuwa ya yi ƙafa. Kafin kaka ana sa shi a tashar Bici, direbobin Gezawa suna shiga birni da shi, ɗaliban kwaleji suka aiko mota ta ɗauke mu muka yi musu wasa a fili. Muka sami mai kaɗa bes, wato jita mai amon nan mai kauri, da mai ganga, na sake tara suma, na yi waƙar rijiyar da aka haƙa a takarda, na yi ta asibitin da babu ko ƙwayar zazzaɓi, na yi ta malamin firamare mai bin albashi. Gidajen rediyo suna tsoron sa mu, amma kowane mai shayi yana da mu. Sau biyu aka sake rufe ni, sau da yawa aka aiko da kujerar Makka da mota in yi wa wani waƙa, ban karɓa ba. Mun je Kaduna, mun je Jos, mun tsallaka Maraɗi. Na ji daɗin rayuwar nan, ba zan ɓoye muku ba, in da za a mayar da ni sai in sake ɗaukar jita. A duk inda muka je sai an nemi waƙar taki, kuma duk sanda na zo baitin ƙarshe sai in tuna Yaya, in yi shi a haka.

Shekara tara ni da Yaya sai gaisuwar biki da ta mutuwa. Yana sayar da bokitai da kwanukan roba a bakin titi a Kano. Babban ɗansa, mai ƙwaƙwalwa irin tasa, a aji uku ya bar makaranta ya kama kanikanci. Abin da na aika a ba shi sai ya dawo mini da shi yadda na ƙulle. Bayan na haifi babbarku na rasa sukuni, na hau mota na je na same shi a rumfarsa. Ya yi furfura, amma rigarsa a goge. Na cire takalmi na durƙusa a kan titi, mutane na wucewa wasu na nuna ni, na ce masa na ci amanarsa, ban zo da wani uzuri ba. Ya daɗe yana jera bokitai da ba sa buƙatar jerawa.

"Waƙar gaskiya ce, ni na ga lodin da idona. Da ka ce mini a zaure ba za ka cire ba, da na yi fushi, amma da na ajiye musu makullinsu da hannuna na zo kasuwar na tsaya kusa da kai. Sai ka bar ni na ji a lasifika kamar kowa."

Aka kira sallar la'asar, ya miƙe ya ɗauki buta. Ya ɗan yi gaba, sai ya juyo ya ce in hau bencin in tsare masa rumfa, babban bokiti kada in rage ko kwabo. Na zauna a wurin da sumata da komai ina ciniki, hawaye na zuba, har na sayar da kwano biyu kafin ya dawo. Ya karɓi kuɗin, ya aika aka sayo mana rake, muka sha tare.

A shekarar takin an cika rumbuna a Marken Gabas da ƙauyukan da ke kewaye, gonaki da yawa da za a jinginar suna hannun jikokin masu su har yau. Ni aka yi wa godiya, ni ake nunawa, sunana ke jikin kaset. Mutumin da ya kasa cin tuwo saboda abin da ya gani, wanda ya biya da aikinsa da karatun ɗansa, babu wanda ya taɓa zuwa ya ce masa sannu. Yanzu ya haura tamanin, ba ya gani sosai, yana nan a gidan ɗansa bakanike. Ranar Juma'a bayan an sauko zan je gaishe shi. Duk wanda yake gari a cikinku ya zo da 'ya'yansa mu tafi tare, kuma in mun shiga, ku durƙusa har ƙasa.